Ƙofar Awaki

"Na ce na ji, Auta. Ban ce na yarda ba."

Inna Mai-Awaki ta riƙe wayar can nesa da kunne, tana magana da ƙarfi, don ita a ganinta birni da nisa, dole a ɗaga murya kafin ta isa.

"Ɓarawo? Ya shigo ya saci me, ni? In ya ɗauke ni ai ya rage maka aiki. A'a, kar ka ce mini dillali ya ce. Dillali ne ya haife ka? To ka turo. Ka turo maginin gobe, ka turo bulo, ka haɗa da wanda zai riƙa yi masa fifita. Ƙofa dai a gidana take."

Ta danna wurin kashewa, ba ta dace ba. Muryar ɗan nata tana ta fita ƙasa-ƙasa kamar ƙuda a cikin kwalba. Sai ta cusa wayar ƙarƙashin matashi, ta bar shi ya ƙarasa da auduga.

Awaki dai ba ta da ko ɗaya yanzu, sunan ne ya ƙi mutuwa. Ƙofar da ake wannan faɗa a kanta kuwa, in kun gan ta sai ku yi dariya. A bayan gidan take. Tsakanin ɗakin girki da katanga akwai wani ɗan lungu, mutum ɗaya ke shiga, shi ma a gefe-gefe. Ka yi taku uku, ka karya hagu, sai ga ta, tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba. Marigayi mijinta ne ya huda ta, wai don awaki su riƙa fita kiwo in an gama girbi. To su awaki ba wanda ya gaya musu ranar girbi. Gonar da ke jingine da katangar kuwa ta Mai-Garma ce, wani dogon mutum mai dogon fushi. Shekara arba'in ya yi yana kai ƙara wurin duk mai kunne, a toshe ƙofar nan ko ya kai su gaban alƙali. Mijinta ya rasu, awaki suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ƙofa na nan, gaba ma na nan.

A wancan lokaci, daga bayan gidajen nan har bakin rafi duk gonaki ne, kuma doka ta ce gonaki za su zauna. Akwai wani allo na ƙarfe a bakin titi. Inna ba ta karatu, amma ta san abin da ya ce, kowa ma ya sani: ba a gini a nan. Wanda ya kafa ko rumfar kwano, kafin mako a zo a shafa mata jan fenti. Saboda haka ba mai sha'awar ƙasar sai mai fartanya.

Sai wata shekara aka ce mutanen ofishin filaye sun zauna sun sassauta. Wai gari ya cika, jama'a ba wurin kwana, don haka duk mai gona a gefen gari, in ya ga dama, ya yanka ta fuloti-fuloti. Ba su ce dole ba fa. Ba wanda aka tilasta wa. Allon ma ba cire shi aka yi ba, wani mai shayi ne ya ɗauke ya yi saman tebur da shi.

Kafin damina ta sake zagayowa, masu awo sun cika wurin da igiyoyinsu da turakunsu. A nan aka yi abin da aka yi. Akwai turba da ta ratsa tsakanin gonakin, faɗin jaki da kayansa. Ba ta kowa ba ce, don haka ba ta cikin takardar kowa. In mai awo ya tambayi na hagu, "Ina iyakarka?" sai ya nuna tsakiyar turba. Ya tambayi na dama, shi ma ya nuna tsakiyar turba. Ba wanda ya yi babbar ƙarya, kowa rabi ya ci. Inna ma da aka zo kan gonar mijinta, da sandarta ta nuna tsakiyar turba, ta dangwala yatsa a takarda, ta goge a zane. Gidan kaɗai ta riƙe.

Mai-Garma ne ya ƙi. Dillalai suka yi ta zarya, 'ya'yansa maza suka yi ta lallashi, ya ce shi bai iya cin bulo ba. Suka bar shi. Rani biyu, bene ya tashi a gabas da gonarsa, gidaje biyu suka juya mata baya a arewa, wani ya ja doguwar katanga a yamma. Kudu kuwa katangar Inna ce.

Wata safiya tana shara, ta ji sallama a ƙofar gida. Ta san muryar, amma ba ta taɓa jin ta a hankali ba, kullum daga bayan katanga take zuwa da zagi.

"Awakina sun mutu tuni," ta ce, ba ta ɗago ba. "In ɓarna aka yi maka, nemi wani."

"Ba ƙara na kawo ba."

"To ciwo ne?"

Ya tsaya da garma a kafaɗa, yana kallon tsintsiyarta. "Jiya suka haɗe katangar yamma. Na zagaya sau uku."

"Sai aka yi yaya?"

"Ba hanya."

Ta ci gaba da shara. Ta share inda ta riga ta share.

"Ƙofar nan taku," ya ce, kamar mai haɗiye ƙaya, "tana nan?"

"Wacce? Wadda ka ce in ba a toshe ba sai mun kwana a gidan yari?"

"Ita."

"Tana nan. Ba mu samu sukunin bin umarninka ba, ka gafarce mu."

Ta bar shi a tsaye har ta kwashe sharar, ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin kai. Ba mugunta ba ce, shekara arba'in ce, dole a ɗan ɗanɗana. Sannan ta nuna masa lungun da haɓa.

"Ka sunkuya. Don masu ƙafa huɗu aka yi ta."

Ya sunkuya, bai isa ba, goshinsa ya daki katakon sama. Ta ji ƙarar daga tsakar gida. Ba ta yi dariya ba sai da ta shiga ɗaki.

Haka aka fara. Damina uku da rani uku, kullum da safe ya yi sallama, ya ratsa tsakar gidanta yana kallon ƙasa, ya shige lungu, ya sunkuya. In rana ta take tsaka ya fito, ya zauna a kan kifaffen turminta, ta ajiye masa ruwa a kofi, ba ta miƙa masa a hannu, a ƙasa take ajiyewa kamar mantawa ta yi da shi a wurin. Ya sha, ya koma. Da la'asar ya fito da buhu. Rabin abin da ke cikin buhun ba amfanin gona ba ne, leda ce da gwangwani da ƙunzugun jarirai da ake wullo masa ta saman katanga.

"Yau me gonar ta haifa?" ta kan ce.

"Takalmi ƙafa ɗaya."

"Ka yi haƙuri, ɗayan sai baɗi."

Gonar ta lalace, wannan ba a ɓoye yake ba. Benen ya tare ranar safe, katangar yamma ta tare ta yamma. Rana sai ta leƙo kamar mai zuwa gaisuwa, ta ɗan zauna, ta tashi. Masara ta yi tsayi ba 'ya'ya, ya daina shuka ta. Ya koma kuɓewa da alayyafo a tsakiya, inda hasken ke sauka, yana ba su ruwa daga tsohuwar rijiyarsa. Gidajen arewa kuma suka sako masa bututun ruwan wanka. Ya je ya buga musu ƙofa, aka ce masu gidan ba sa nan, 'yan haya ne, su ma ba su san akwai mutum a baya ba.

Ita kuma Inna, duk matan da take hira da su a da sun bi 'ya'yansu, wasu sun bi ƙasa. Sababbin maƙwabta masu dogayen ƙyamare ne, mota ta shiga, a rufe. Ba mai aiko yaro aron rariya, ba mai leƙowa ya ce yaya kika kwana da ƙafa. In ka cire mai kawo takardar wuta, sallama ɗaya ce ke shiga gidan nan a yini, ta Mai-Garma. Ba za ta taɓa faɗar haka ba ko da an sa mata wuƙa. Amma in ya makara, sai ta ga ta fita ƙofar gida zubar da ruwan da bai kai a zubar ba.

A damina ta uku tari ya kama shi. Zaman turmi ya ƙara tsawo. Wani lokaci sai ya riƙe bango kafin ya sunkuya, ya tsaya yana maida numfashi, ita kuma ta juya baya tana neman wani abu a kwando, don kar ya ga ta gani. 'Yarsa da ke aure nesa ta zo ta kai shi asibiti, ya yi kwana takwas. Kwana biyu na farko Inna ta ce ba ruwanta. A na uku ta ɗauki bokiti, ta shiga lungun, ta sunkuya a ƙofar da rabonta da ita tun tana da awaki. Ta tsaya a tsakiyar gonar, ta ɗaga kai. Bango ta ko'ina, sama ɗan murabba'i kamar bakin rijiya, tagogi a rufe. Ba ƙarar komai sai injin sanyaya ɗaki na ɗiga ruwa. A nan mutumin nan yake yini shi kaɗai.

Da ya dawo, ya shiga ya fito, fuska a murtuke.

"Wa ya ba alayyafo ruwa?"

"Aljanu."

"To ki gaya wa aljanun, ba a kwara ruwa a kan ganye da rana tsaka. Sun ƙona mini kunya biyu."

"Zan gaya musu. Su ma sun ce a gaya maka gugarka na yoyo."

Washegari ya ajiye mata kuɓewa a bakin ɗakin girki, ƙanana masu taushi. Ta ɗauka ta dafa.

To mai benen gabas yana son ƙara gini, kuma ba inda zai ƙara sai gonar nan. Dillali ya ga tsoho ba ya lanƙwasuwa, sai ya zauna ya yi tunani irin nasu. Gona ba hanya ai ba gona ba ce. In aka toshe ƙofar awaki, kwana nawa tsoho zai yi yana kallon katanga kafin 'ya'yansa su sa shi ya dangwala yatsa? Ya nemo lambar Auta a birni. Abin da suka ƙulla, ba a gaya wa uwa ba. Ita dai ta ga ɗanta, wanda sai ya yi wata biyu bai kira ba, ya fara kira kullum, ya damu ƙwarai da tsaron lafiyarta. Yau ɓarayi, gobe macizai, jibi wai mutane na magana, namiji na ratsa gidan mace.

"Suna magana?" ta ce masa ranar. "Alhamdu lillahi. Ashe sun san ina da rai."

Wayar da ta cusa ƙarƙashin matashi ita ce ta ƙarshe kafin magini.

Da gari ya waye, Mai-Garma ya yi sallama tun rana ba ta hau katanga ba. Ba garma a kafaɗarsa, ya daina iya ɗaukar ta, ƙaramin kwando ne da wuƙa. Ya zo tsakiyar gida ya tsaya, abin da bai saba ba.

"Na ji an ce yau ne."

"Ana cewa abubuwa da yawa."

"Dillalin ya tare ni a hanya. Har da yi mini jaje." Ya yi tari, ya jira ya wuce. "Ba zan haɗa ki da ɗanki ba. Gidanku ne. Amma in da hali, a bar ni in kwashe kuɓewar nan. Kwana tara ya rage mata, ko goma."

"Shige, kana tare mini iska."

Ya shige. Ta ji tsayawarsa a lungu, ta ji numfashinsa, ta ji ƙyauren kwanon ya yi ƙara.

Magini ya iso da hantsi, shi da bulo a baro da buhun siminti. Mutum ne mai furfura a gemu, mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya tarar ta ajiye kujerarta 'yar tsugunno a daidai bakin lungun, tana tsince shinkafa.

"Inna, ni aiki aka ba ni."

"Allah ya ba da sa'a. Akwai mutum a ciki. Da shi aka ce ka toshe?"

"Subhanallahi, a'a. Sai ya fito."

"To zauna."

Ya zauna. Ta ba shi shayi. Da ya gama ta ce tun da ga shi ga kayan aiki, ya duba mata famfo, yana ɗiga. Ya gyara famfo. Ta ce dandamalin ƙofar ɗaki ya tsage, jikokinta in sun zo za su yi tuntuɓe. Jikokin da rabonta da su shekara biyu. Ya buɗe simintin Auta ya shafe tsagar. Ta nuna masa wani rami da ɓera ya yi.

Rana ta take tsaka. Kofin ruwa na ƙasa kusa da turmi. Mai-Garma bai fito ba.

Magini ya dubi sama, ya dubi lungu. "Inna, baban nan ba ya jin ƙishi ne?"

Sai abin ya faɗo mata, har ta rufe baki da gefen mayafi. Ashe tsohon nan yana da wayo! Ya san muddin yana ciki ba mai ɗora bulo. Zama ya yi. Ita ta tsare waje, shi ya tsare ciki, ba su ko yi shawara ba. Shekara arba'in da uku, yau ne suka taɓa haɗa kai a kan abu ɗaya. Daɗi ya kama ta har ta ƙara wa magini abinci.

"Haka yake," ta ce. "In aiki ya yi masa daɗi sai magariba. Wani lokaci ma ya kwana. Ci, kar ya huce."

Azahar ta wuce. Magini ya yi salla a gindin katanga, ya dawo ya jingina da buhun siminti yana gyangyaɗi. Inuwa ta fara cin tsakar gida. Inna na ta murmushi ita kaɗai, tana shirya abin da za ta ce wa tsohon in ya fito, ta zaɓi wannan ta ajiye, ta ɗauki wanda ya fi yaji.

Sai ta ji murya daga sama.

"Inna! Inna ta gidan ƙasa!"

Wata matashiya ce a tagar benen, da jariri a kafaɗa. Shekara biyu tana shanya a wurin, ba ta taɓa cewa sannu ba.

"Baban nan mai gona, tun da safe na gan shi a kwance. Na ɗauka hutawa yake. Har yanzu bai juya ba."

Tiren shinkafar ya zame daga cinyarta. Ba ta san lokacin da ta shiga lungun ba, ba ta san ta sunkuya ba. Yana tsakanin kunya biyu, a kan gefensa na dama, doguwar ƙafarsa ɗaya a kan ɗaya. Kwandon na tsaye, kuɓewa ta kai rabi. Wuƙar na hannunsa. Rana ta zo ta same shi, ta zauna, ta tashi, inuwar katangar yamma ta riga ta rufe shi har wuya.

"Tashi," ta ce. "Wasan ya isa, maginin ya gaji."

Tururuwa na bin hannun rigarsa. Ta durƙusa ta kakkaɓe su. Hannun ya yi sanyi, ya sandare. Tun safe ke nan. Tun tana ba magini shayi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. Ta zare wuƙar daga yatsunsa da ƙyar, ta cire mayafinta ta rufe masa fuska. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, kai ba lulluɓi, har sai da magini ya leƙo.

Maza huɗu aka samu: magini, da mai shagon bakin titi, da wani malamin makaranta da ke haya a gidajen arewa, da maigadin benen. Malamin ya tsaya yana juyawa, ya ce wallahi shi bai san akwai gona a bayan ɗakinsa ba. Aka aika a gaya wa 'ya'yan mamacin. Aka ciro ƙyauren ɗakin girki, aka zura shi gonar a kaikaice, aka kwantar da mamacin a kai. Ƙafafunsa sun zarce.

Suka kawo shi bakin ƙofar awaki, suka ajiye. Ƙyauren ba ya shiga a kwance da mutum a kai. Suka ce to a ɗauke shi a hannu. Mai shago ya shiga lungun ya auna da hannuwa, ya fito yana girgiza kai.

"Ko ya wuce ƙofar, ba zai karya kwanar ba. Mutumin dogo ne, kuma ya riga ya sandare."

"A tsallakar da shi ta katangar bene," in ji malamin. "Akwai tsani?"

"Akwai waya mai ƙaya a sama," maigadi ya ce. "Kuma maigidan ba ya nan. Ni ba zan buɗe wa gawa get ba sai da izini."

Sai mai shago ya rage murya. "A zura shi ta ƙasa, in an kai kwanar a miƙar da shi tsaye. Ko a ɗan lanƙwasa shi a ƙugu. Ai ba ya ji."

"Ni ina ji," Inna ta ce.

Duk suka juyo. Tana tsaye da kwandon kuɓewar a hannu, ba ta san ta ɗauka ba.

"Magini, kana da guduma?"

"Akwai, Inna."

"Fasa. Daga ƙofar nan har sama, ka buɗe ta faɗin mutum biyu. Kusurwar ɗakin girkin ma ka sauke ta."

Ya sosa gemu. "Inna, toshewa aka ce in yi."

"Wa ya ce?"

"Ɗanki."

"Katangar nan ta girme shi. Ni kuma na girme ta. Fasa."

Ya dube ta, ya dubi wanda ke kwance. Ya tafi ya ɗauko gudumar. Tsohuwar katanga ce, ba ta yi gardama ba. Katakon saman ya fara faɗowa, sannan bulo ɗaya-ɗaya, sannan gaba ɗaya. Malamin makaranta ya cire rigarsa ta aiki ya riƙa kwashe ɓaraguzai. Matar bene ta sauko da jaririnta, ta shigo gidan ba sallama, ta tsaya kusa da Inna, ta yafa mata nata mayafin. Da kusurwar ɗakin girkin ta faɗi, tukwane suka bayyana a jere a kan kanta, kowa na gani, har da wadda ta fashe aka ɗaure da waya.

Suka ɗaga ƙyauren, biyu gaba biyu baya, suka taka ɓaraguzai suka shigo tsakar gida kai tsaye. Suka wuce turmi, suka wuce kofin ruwa, suka fita ta ƙofar gida. Ba wanda ya sunkuyar da kai.

'Yarsa ta zo washegari bayan an kai shi, ta riƙe hannun Inna tana kuka, ta ce kullum in ta kira shi sai ya yi mata ƙorafin bakin maƙwabciyarsa. Inna ta ce ai ya ji da shi. 'Ya'yan maza kuwa ba su shigo ba. A kwana na huɗu ta ga mai awo a saman katangar bene, yana sauko da igiya cikin alayyafo.

Tana zaune a tabarma da hantsi, inda ta saba zama. Daga nan yanzu ana ganin gonar duka ta wagegen gibin, kuɓewar ta yi tsayi, 'ya'yan sun fara tauri a jiki, ba mai yanka. Wayar ta yi ƙara a ɗaki. Ta bar ta ta gaji, ta sake, sannan ta tashi ta ɗauko. Ta riƙe ta nesa da kunne. Ta daɗe tana saurara, har wata kaza ta maƙwabta ta shigo ta gibin ta zagaya ta fita.

"Ka gama?" ta ce. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba. "E, ni na sa shi. Har da ɗakin girkin, e. Auta, shekara uku mutumin nan yana shiga gonarsa a sunkuye, kullum, da tsufansa. Ba zan bari a fitar da shi a lanƙwashe ba. A miƙe ya fita. Bulonka na nan a jere, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ka zo ka toshe. Ba mai shigowa kuma."